Yayyafin Marken Dawa

Yusha'u ya sake juya hannun injin lissafin. Injin ya yi gurnaninsa, lambobi suka jeru a 'yar tagarsa, amsa kuwa ba ta motsa daga inda take ba: inci ashirin da shida ɗigo ɗaya. Ya dubi tsohuwar takardar da ke gefensa, mai ɗauke da rubutun Malam Ja'afaru, rubutun da ko a cikin dubu aka sa shi zai tsamo shi. Can an rubuta inci talatin ɗigo huɗu. Ƙauyen ɗaya ne, Marken Dawa, daminar ma ɗaya ce, amma ga amsa biyu a kan tebur.

Ya saki hannun injin ya goge tafinsa a jikin riga, alhali ba zafi ake yi ba. Tsakiyar damina ce, Kaduna ta kwana ana ruwa, har yanzu indararo bai gama tsiyaya ba.

Ofishin nasu ba wani babba ba ne. Dogon tebur ne guda da akawu huɗu, sai kujera mai hannu a kan gaba, wadda babban akawu Malam Ja'afaru ke zama a kai tun kafin yaƙin duniya. Aikinsu tattara lissafin ruwan sama na ƙauyukan Arewa. A kowane ƙauye akwai wanda aka danƙa wa mazurari da kwalba mai zane-zane, wani malamin makaranta ne, wani malamin asibiti, wani malamin gona. To, kwalba kuwa kwalba ce, ba ta shekara a hannun mai 'ya'ya. In ta fashe sai malam ya samu gwangwani ya riƙa tsoma rula, ya rubuto abin da idonsa ya gani da bakinsa na Hausa. Wannan ya ce inci ɗaya da kwata, wancan ya ce rabi da ɗan ɗori, wani ya ce kusan biyu. Ranar da ruwan bai kai a auna ba sai su rubuto yayyafi.

Shi kuwa inji bai san ɗan ɗori ba, bai san kusan ba. Lamba yake ci, da ɗigonta. Saboda haka ainihin aikin teburin nan shi ne mai da magana lamba, kuma a takardar ofis gurbin lamba ɗaya tak aka bari a bayan ɗigo. Kwata ba ta shiga gurbi ɗaya, tana tsaye ne tsakanin ɗigo biyu da ɗigo uku, dole akawu ya tura ta sama ko ya jawo ta ƙasa. Malam Ja'afaru bai taɓa jawo lamba ƙasa ba. Kwata a wurinsa ɗigo uku ce, ɗan ɗori yana da nasa kason, yayyafi kuwa ɗigo ɗaya yake ba shi, ko da sau hamsin ya zo a shekara.

Ba wanda ya taɓa kulawa sai da aka kawo sabon Bature, wanda akawuna suka raɗa wa Mai Lofe. Wata rana ya ɗauki takarda ɗaya ya ba akawu uku, suka kawo masa amsa uku. Ya cire lofen daga bakinsa, abin da ba ya yi sai magana ta yi girma, ya ce Yusha'u ya zauna ya tsara ƙa'ida guda wadda kowa zai bi. Dalili kuwa shi ne za a fara gina rijiyoyin siminti, kuma an ce a fara da garuruwan da ruwansu bai kai inci ashirin da takwas ba. Mutanen Marken Dawa sun daɗe suna kuka, takarda kuma ta daɗe tana cewa suna da talatin. Shi ya sa Mai Lofe ya ce a gwada sabuwar ƙa'ida a kansu, a kawo masa amsa yau kafin a tashi. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in aka samu hannun wani akawu ne ya karkatar da lissafin, to, mai hannun zai koma ɗakin ajiye fayil. Ɗakin nan, ko taga ba shi da ita, Maƙabarta akawuna ke ce masa.

Ƙa'idar Yusha'u ba ta da wuya. A rubuta lamba da duk jelarta, kada a datse mata komai sai an tara na shekara gaba ɗaya. Kusan da ɗan ɗori a bar su su cinye juna. Yayyafi, tunda bai kai a auna ba, a sa masa sifiri. Ya ji daɗin aikin nan lokacin da yake yin sa, gaskiya, har yana yi wa matarsa Safara'u bayani tana tankaɗe tana cewa to. Daɗin ya ƙare ne yau da safe, da ya ga wanda ƙa'idar ta kama.

Domin Malam Ja'afaru ba shugabansa ne kawai ba. Shi ya tsince shi a tashar jirgi lokacin da ya zo daga Zariya da akwatin katako da takardar makarantar Midil, bai san kowa ba. A zaurensa na Unguwar Dosa ya kwana har ya kama ɗaki. Shi ya koya masa riƙe alƙalami irin na ofis, shi ya karɓa masa auren Safara'u, kuma ɗan Yusha'u na fari sunan tsohon ya ci. Ga shi saura kaɗan ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Idris, akawun da ke kusa da shi, ya leƙo ya ga lambobin biyu. Idris irin mutanen nan ne da ba sa rasa dabara, sai dai dabarar tasu ba ta cika kwana lafiya ba. Ya saci kallon kujera mai hannu, ya ga tsoho ya duƙufa yana fiƙe fensir, sannan ya rage murya.

"Kai, mi ya yi zafi? Ka ce malamin ƙauyen ne bai iya awo ba. Wa ya san shi? Yana can inda ko mota ba ta zuwa."

"Shi ya rubuto daidai abin da ya gani," in ji Yusha'u. "In na ɗora masa, korarsa za a yi."

"To ka ce ƙa'ida daga bana za ta fara. Abin da ya wuce ya wuce."

"Su kuma su zauna a talatin, rijiya ta wuce su."

Idris ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai na gaya maka. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ranar da aka kai tsohon nan Maƙabarta, ba Bature za a zaga ba a Unguwar Dosa."

Ya faɗi gaskiya, shi ya sa maganar ta yi ciwo. Yusha'u ya kife takardun biyu, ya zauna yana kallon bayansu har lokacin kalaci ya yi.

A gindin mangwaron da ke bayan ofis Kulu mai koko ke zama da tukunyarta da tiren ƙosai. Malam Ja'afaru ya zauna a bencinsa na kullum, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya miƙa mata kwanonsa. Yusha'u ya tsuguna a gefe, don bai taɓa zama benci ɗaya da shi ba. Kulu ta zuba ludayin da aka saya, sannan ta ƙara rabi ba tare da an roƙa ba.

"Allah ya yi albarka, Kulu," in ji tsohon. Ya juyo ya dubi Yusha'u. "Tun safe kake juya injin nan kamar mai niƙa. Ka ci abinci mana. Ko Safara'u ce ta ƙi yi maka magana?"

"Lafiya lau take, Baba. Maganar Marken Dawa ce."

"Nawa ka samu?"

"Ashirin da shida."

Malam Ja'afaru ya kurɓi kokonsa, ya tauna ƙosai a hankali. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi tayar wa Yusha'u da hankali ke nan. Da farko ya zaci tsohon bai san abin da hannunsa ke yi ba, zai ce tsautsayi ne, su haɗu su nemi bakin da za su gaya wa Bature.

"Ashirin da shida," tsohon ya maimaita. "Ina ka kai sauran huɗun?"

"Babu su, Baba. Ba a yi su ba. Ƙarin da ake yi ne kullum, ɗigo nan, ɗigo can, shi ya taru."

"Yayyafin fa? Shi ma ba a yi shi ba?"

"An yi, amma bai kai a auna ba."

"Bai kai rular malamin makaranta ba dai." Ya ajiye kwanon a kan benci. "Yusha'u, ubana ma'auni ne a kasuwar hatsi. Tun ina tsugune a gabansa yake gaya mini, in hannunka zai yi kuskure, to ya yi wajen cikawa. Mudun da ya tauye shi ake tambaya a kabari, ban taɓa jin an tambayi wanda ya yi tozo ba. Wannan fa hatsin mutane ne. To ina ga abin da Ubangiji ya auno da kansa? Ya saukar da rahama, ƙasa ta yi ƙamshi, yaro ya fita da gudu yana murna, ni kuma in ɗauki alƙalami in rubuta ba a yi komai ba? Mai raina kaɗan ɓarawo ne."

"Ba raini ba ne, Baba. Lissafi ne."

"Ka taɓa gaida manomi ka ce yaya ruwa, ya ce maka bai isa ba? Ko gonarsa na ƙonewa, godiya zai yi. Shi bai san lissafi ba ne? Ya sani sarai. Ladabi ne."

Yusha'u ya shiga wasa da wani tsinke a ƙasa. Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnensa, da ita aka raine shi, kuma har cikin ransa yana jin kyanta. Shi ma in hadari ya taso ya watse ba ya cewa an rasa, sai ya ce Allah ya kai wa wasu. Amma ya ga wasiƙar da malamin makarantar Marken Dawa ya haɗo da lissafin bara, inda ya ce da rani mata kan fita tun duku-duku zuwa wani rafi su yi tono a yashi, yara kuma ba sa zuwa aji sai an dawo da ruwa.

"Baba, manomi in ya yi godiya, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba wanda zai hana shi rijiya saboda ita. Tamu takardar kuwa wani ke karantawa, wanda bai san godiya muke yi ba. Shi gani yake sun ƙoshi. Mudun da muka cika, daga tulun matan can muka ɗiba."

Tsohon ya ɗago ya dube shi sosai. Kulu ta ga abin ya wuce hira, ta juya tana kwashe ƙosai daga tire zuwa tire ba gaira ba dalili.

"Wato ni na hana su ruwa."

"Ban ce haka ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Ka faɗa mana, tunda ka fara. Shekara nawa ina kan teburin nan, ban taɓa cin ɗigon kowa ba. Ban ƙara don a ba ni ba, ban ƙara don a yabe ni ba. Yau yaron da na koya wa inda ake sa ɗigon shi ke gaya mini na ɗebe wa mata ruwa a tulu." Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ciro tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Yusha'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya ce a bar maganar, zai san yadda zai yi da Bature. Bakinsa ya buɗe, amma abin da ya fito daban ne.

"Ko ku za ku shiga ku gaya masa da kanku, Baba? Ku ce ku kuka gano. Ƙa'idar ma a sa sunanku, ni ba na bukata. In daga bakinku ta fito ba zai taɓa kujerarku ba."

"In shiga in ce na yi kuskure?"

"Ku ce an samu hanyar da ta fi."

"Ban yarda ta fi ba. Ƙarya kake so in yi da furfurata don kujera?" Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki kwanon da bai shanye ba ya miƙa wa Kulu. "Aiki aka ba ka, je ka kai aikinka. Kada ka rage komai saboda ni, ban koya maka haka ba. Amma kada ka ce masa na yarda."

Ya tafi yana taka ciyawa mai laima a hankali, hannayensa a baya. Yusha'u ya bi shi da ido har ya shige. Kulu ta dube shi ta ce, "Malam, kokonka ya huce," ya biya ta ya tashi bai sha ba.

Sauran safiyar a kan injin ya ƙare ta. Ya ɗauko wasu shekarun na Marken Dawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana fatan ko guda ta saɓa, ya samu abin da zai riƙe ya ce abin ba kullum ba ne. Ba wadda ta saɓa. Hannun tsohon bai taɓa gajiya da kyauta ba, kowace shekara ƙarin na nan, inci uku, inci huɗu. Abin da ya ƙara ba shi tausayi shi ne tsabtar aikin. Ba kankara, ba ɗigon tawada, kowace lamba a zaune a gurbinta. Can kan gaba Malam Ja'afaru na ta aikinsa na yau, bai ko dubi wajensa ba.

Da rana ta take tsaka ya tattara takardun ya nufi ofishin Mai Lofe. Idris ya bi shi da kallon da ake yi wa mai shiga kogi da damina.

Mai Lofe ya iya Hausa irin ta littafi, wadda ba kuskure a cikinta kuma ba gishiri. Ya karanta ƙa'idar, ya gyaɗa kai, ya sa mata hannu. Ya jera lambobin sabo da na da, ya bi su da gindin lofe.

"Wannan aiki ne mai kyau, Malam Yusha'u. Marken Dawa za ta shiga cikin na farko. Kuma ina tsammani akwai garuruwa da yawa kamarta. Yanzu ka gaya mini, hannun wane ne wannan?"

Ya san hannun, kowa ya sani. So yake a faɗa.

"Na Malam Ja'afaru ne, ranka ya daɗe. Amma ba sakaci ba ne, ba kuma rashin iyawa ba. Da gangan yake cikawa."

"Da gangan?" Lofe ya fita daga baki.

Nan Yusha'u ya gane ya ɓata wajen gyara. Ya shiga bayani, ya kawo maganar mudu, ya kawo maganar godiya, ya ce a wurinmu ba a rage kyautar Allah ko a baki, balle a rubuce. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a ɗakin nan. A gindin mangwaro ta cika wuri, a nan kuwa ta zama kamar uzurin ɗan makaranta. Baturen ya saurara har ƙarshe, ba da wulaƙanci ba, har da ɗan murmushi.

"Na fahimta. Al'ada ce mai kyau. Amma da ya yi kuskure ne, sai in ce ya kula gaba. Mutumin da ya san abin da yake yi, kuma yana ganin daidai ne, gobe ma zai yi. Ya yarda da sabuwar hanya?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce, i, kuma wataƙila da ta wadatar. Yusha'u ya ji ta a kan harshensa. Sai ya tuna abin da aka ce masa kada ya faɗa.

"Bai yarda ba, ranka ya daɗe."

"To." Mai Lofe ya mai da lofen. "Daga gobe zai kula da ɗakin fayil, albashinsa ba zai ragu ba. Za a sake lissafin dukan shekarun baya da ƙa'idarka, kuma wanda ya yi ƙa'ida shi ya kamata ya tsare ta. Kai za ka riƙe teburin. Dama ana ta cewa a ɗaga samarin Arewa. Ina taya ka murna."

"Ranka ya daɗe, ni ba wannan na zo nema ba. A bar shi a kujerarsa, ni in yi aikin a ƙarƙashinsa. Saura kaɗan ya huta."

"Na san ba ka nema ba, shi ya sa na ba ka." Ya jawo wani fayil, alamar an gama.

Yusha'u ya fito ya tsaya a baranda. Bai taɓa sanin ana yi wa mutum ƙarin girma ya ji kamar an yi masa mutuwa ba. Ya yi tunanin hanyar Unguwar Dosa, da dattawan da ke zama a ƙofar gidan tsohon bayan la'asar, da yadda labarin zai riga shi isa. Ba wanda zai ce rijiya. Za a ce yaron da Malam ya raina ya ture shi ya haye kujerarsa, kuma ba za a yi ƙarya ba. Ya yi tunanin Safara'u, wadda a gidan tsohon ta yi wankan jego. Ya rasa ta inda zai fara gaya mata.

Da ya shiga, ɗakin ya yi tsit. Malam Ja'afaru ya dubi fuskarsa sau ɗaya, bai tambayi komai ba. Ya rufe kwalbar tawada, ya miƙe, ya ɗauke 'yar fatar da yake shimfiɗawa a kan kujera, ya naɗe ta a hammata. Ya ɗauki butarsa da fensiransa. Sai ya zagayo har ƙarshen tebur, inda sabon akawu ke zama, ya ce wa na wurin ya ɗan matsa, ya zauna a bakin benci.

"Baba, sai gobe ne aka ce," in ji Yusha'u.

"To ai yau da sauran rana, ba na cin albashin zaman banza. Wa aka ba teburin?"

"Ni ne, Baba," in ji Yusha'u. Idris ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a aljihun tebur.

"Madalla," in ji tsohon. "Gara kai da wani. Miƙo mini ƙa'idar, da takardun mutanen nan. Tunda ni na cika musu, ni zan rage."

Ya sa tabarau, ya karanta ƙa'idar tun daga sama har ƙasa yana bin ta da yatsa, yadda yake karanta kowace takardar ofis. Sannan ya jawo sabuwar takarda ya fara. Inda malamin ƙauye ya ce kwata, ya rubuta ɗigo biyu da biyar. Inda ya ce rabi da ɗan ɗori, ya rubuta ɗigo biyar ya bar ɗorin. Aikin na tafiya da sauri, don hannun ya san hanya. Sai dai duk lambar da ya sauke, leɓɓansa kan motsa. Yusha'u na tsaye kusa, ya kasa kunne, ya ji abin da yake faɗa.

"Astagfirullah."

Ya rubuta wata. "Astagfirullah."

Ba da ƙarfi yake yi ba, ba kuma don a ji ba. Sauran akawuna suka koma kan aikinsu, inji ya ci gaba da gurnani a hannun Idris. Kujera mai hannu na can kan gaba ba kowa, Yusha'u ya kasa ko duban wajenta. Yana nan tsaye a bayan tsohon kamar ranar da ya fara zuwa koyon aiki.

Can alƙalamin ya tsaya. Malam Ja'afaru ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, nan an rubuto yayyafi. Me zan sa?"

Kalmar farkon ta doki Yusha'u a ƙirji. Ya duba fuskar ko zai ga gatse, bai gani ba. Akawu ne ke tambayar babban akawu.

Ya durƙusa a gefen bencin, bai damu da masu kallo ba. "Baba, ku sa 'yar alama kawai. Ku rubuta harafi, ko ku ja ɗan layi. Inji ba zai ƙirga ba, amma duk wanda ya buɗe takardar zai san an yi. Zan ƙara shi a cikin ƙa'idar yanzun nan, ai ni ke da ita."

Tsohon ya sake duban takardar ƙa'idar, ya nemo layin da yatsa.

"Ba haka ta ce ba. Wadda aka kai wa Bature ya sa hannu, sifiri ta ce."

"Zan koma in gaya masa."

"In ka ga ya dace a gyara, ka gyara gobe don aikin, kowa ya bi. Kada ka gyara yau don ni. Babban akawu ba ya lanƙwasa ƙa'ida saboda fuskar mutum, ko ubansa ne. Tashi, kana ɓata gwiwar wandonka."

Yusha'u bai tashi ba. Yana durƙushe ya ga tsohon ya tsoma alƙalami a tawada, ya share bakinsa a gefen kwalba, ya kawo shi kan gurbin. Sannan ya zana sifirin a hankali, ya kewayo da shi har bakinsa ya haɗu, mai kyau, ba kankara. Wannan karon leɓɓansa ba su motsa ba. Ya ɗora takardar shan tawada a kai, ya danna, ya sauka layi na gaba.